Tsohon wandon jin da rigar bulu: a adana ko a sa a tahi gona?

Dan_Illela:
Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan an tashi lahiya. Tambaya gare ni kuma don Allah masu sani su taimaka. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Illela, gero da wake da damina, rani kuma aikin garka. Na daɗe ina tara tsofaffin wandunan jin masu kauri da rigunan aiki shuɗɗan nan na Faransa da ake ce ma bulu, duk shigowar da zan yi Tawa sai na bi wajen masu bosho na tona tarin kaya da hannuna, wanda babu roba cikinshi nike ɗauka, mai buto ba mai zip ba in na samu. Kuma ni sawa nike ina aiki da su, da su nike shiga gona da su nike hawa amalanke. To ɗan kawuna ya zo daga Yamai ya ga guda cikinsu, na kamfanin Levi's ne samfurin 501, in ka naɗe ƙafa akwai jan zare a bakin yadin daga ciki, ya ce wallahi wanga bai kamata ya ga gona ba, in wanke in ninke in aje, akwai masu biɗarshi da kuɗɗi masu yawa. Ni kuma raina bai kwanta da haka ba don shi ne wandon da na hi jin daɗi lokacin girbi. Shin gaskiya ne yana da daraja haka? Kuma ku mi kuka gani, a adana ko a sa?

Bosho_Wadata:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Sana'ata ke nan a kasuwar Wadata ta Yamai, bari in hwaɗa maka yadda abin yake. Bal ɗin da ke iso mana, galibi mai kilo 45, an riga an tsince shi tun can Turai kafin a ɗaure, masu tantancewa sun san abin da suke nema, sannan ya sauka Lome ko Kwatano can ma akwai masu ido a kasuwannin Hedzranawoe da Missebo. Saboda haka tsoho na gaske ya tsallake duk waɗannan hannuwa ya kai Tawa abu ne mai wuya amma yana faruwa, ni ma na taɓa cin karo da shi cikin bal ɗin da ba a ma sa ran komai. Kafin ka yanke shawara ɗauko mana hoton ɗan jan ƙyallen da ke jikin aljihun baya, da na etiketin ciki, da bayan buton sama.

MaiAlbasa_Galmi:
Ni dai a sa. Wando ai don sawa anka yi shi.

Mushe_Tarihi:
Malam Dan_Illela tambayarka ta yi min daɗi, don tarihin wandon nan da kansa tarihin ma'aikata ne. A ranar 20 ga Mayu 1873 Levi Strauss, ɗan kasuwar yadi a San Faransisko, da wani tela mai suna Jacob Davis da ke Reno suka sami takardar mallakar dabarar buga ƙusoshin tagulla a kusurwar aljihu, saboda nan ne wando ke fara yagewa in lebura ya cusa kayan aiki. Masu haƙar ma'adinai da manoma da makiyaya su ne masu saye. Lambar 501 ta zo a 1890, jan ƙyallen aljihu kuma a 1936. Alamomin da masu tarawa ke dubawa: in harafin E da ke cikin sunan a jan ƙyallen babba ne, to kafin 1971 aka yi shi. Ƙusoshin aljihun baya da aka ɓoye cikin yadi, sai ka juya ciki za ka gan su, daga 1937 zuwa 1966 ne. Jan zaren da ka gani kuma shi ake kira selbej, alama ce cewa tsohuwar masaƙa mai ƙoshiya ta saƙa yadin, ƴar siririya, bakin yadin yana rufe kansa ba sai an bi shi da ɗinki ba. Kamfanin ya bar amfani da irinsa a 501 na yau da kullum wajen farkon shekarun 1980. Amma a lura, su da kansu suna sake fitar da sabbi masu kamannin na da, har da babban E da jan zare, sannan ga na jabu sun cika kasuwa, don haka alama guda ba ta isa ba.

Dan_Illela:
Mushe Allah shi ƙara sani. Na duba, e ɗin ƙarami ne, ƙusoshin baya babu, amma jan zaren yana nan ƙafa biyu, kuma akwai ɗan etiketi daga ciki rubutun ya kusa gogewa, abin da ke hitowa Made in USA. Hoton zan turo in rezo ya yarda, nan sai an hau tudu.

Bosho_Wadata:
To in haka ne yana iya zama na tsakanin shekarun 1970 da farkon 1980, kaya ne mai kyau, amma kada ɗan kawunka ya sa maka dogon buri. Nan Yamai masu sanin darajarsa ƴan kaɗan ne, samarinmu sabon mai matsewa suke so mai roba, in ka miƙa musu wannan cewa za su yi ya yi faɗi. Sai dai in kana da wani a waje da zai sayar maka.

DanAbijan_227:
Yayana kar ka saurare su, aje shi. Ni ina Abijan ina aikin gini, na ga yadda ake biɗar kayan nan, akwai masu zuwa kasuwar Lome su kwashi rigunan bulu ɗin nan da mu muke ganin na makanikai ne su maida su Paris a sayar da tsada a butik. Kuma ba a 2022 ba ne aka yi gwanjon wani Levi's na shekarun 1880 da aka tsinta cikin tsohon ramin ma'adinai a Amurka, ya tashi dala 87,400 duka da la'ada, lokacin ya haura miliyan 50 na sefa. Wanda ke da iyali da shekarar da gero bai yi ba ai bai kamata ya tsugunna cikin ƙasa da abin da zai iya zama buhu biyu uku na hatsi ba. Ka sayi na jika biyu ka yi noma da shi.

Mushe_Tarihi:
Ƙanena DanAbijan labarin gwanjon gaskiya ne, amma wancan ya haura shekara 130, irinsa ƙalilan suka rage a duniya. Na Malam Dan_Illela an yi miliyoyinsa. Nisan da ke tsakaninsu babba ne.

Tsohon_Akokan:
Salamu alaikum yara. Ɗana ne ya karanta min wannan zancen na ce ya rubuta min amsa. Na yi aiki a Akokan lokacin ƙuruciya, can arewa wajen Arlit, ma'adinin da anka ruhe a 2021. Rigar bulu mu ba ado ba ce gare mu, kayan aiki ce, da ita ake gane ma'aikaci. Har yau akwai guda wurina da na saya da kuɗɗina a kasuwa tun wancan zamani, yadin nan mai santsi mai nauyi da Faransawa ke ce ma moleskin, aljihu ukku waje guda ciki. Gwiwar hannu ta mutu an yi mata maho, kwala ta yi hwari, amma in ɗari ya sauko watan Janairu ita nike sawa bisa taguwa in tahi wajen bisashe da asuba, iska ba ta ratsa ta. Jikana ya so in ba shi ya kai Yamai na ce a'a. Ɗana Dan_Illela, in kana jin daɗin wandonka ka sa abinka, kayan aiki in anka ninke anka aje cikin akwati gara ce da ɓera ka cin riba.

Dan_Illela:
Baba na gode, Allah shi ƙara lahiya da nisan kwana. Irin rigar taka ina da su, guda an rubuta Adolphe Lafont a wuya, guda Vétra. Ban taɓa ganin riga mai jure ƙayar aduwa kamarsu ba.

Mushe_Tarihi:
Duka biyun tsofaffin gidaje ne, Lafont a Liyon yake tun 1844, Vétra kuma 1927. Baba ya faɗi daidai, moleskin auduga ce zalla da aka matse saƙarta sosai, shi ya sa masu aikin ƙarfe suka so ta, tartsatsi ba ya kama ta da sauri kamar yadin roba da ke narkewa a jikin mutum.

Maman_Hadiza:
Ku maza kuna ta zancen daraja da tarihi babu wanda ya tambayi mai wanki. Maigidana ma yana da irin wannan son, wandunansa masu kaurin nan in suka sha ruwa sai mutum biyu su kama a matse, hannu ya yi ja, ga shi a garinmu wajen Bouza rijiya da zurfi, ruwan da wando guda zai sha ya isa wankin kayan yara ukku. Sannan sabo in ya zo zuba yake, ya taɓa ɓata min farin zane. Ba na hana shi ba, yana kare masa ƙafa kuma ba ya yagewa kullum a kai wa tela, amma a riƙa tunawa da mu.

Jin_Kalite_Ny:
Hajiya ai wannan ma akwai sauƙi, masu tarawa a Japan da Turai ba sa yawan wankewa, wasu sai su yi wata shida suna sa sabon wando bai ga ruwa ba don shatin gwiwa da na cinya su fito da kyau. Dalili shi ne zaren tsaye kawai ake rinawa da shuni, kuma shunin bai shiga har cikin zuciyar zaren, na kwance kuma fari ne, to duk inda jiki ke gogawa sai shunin ya kankare farin ya bayyana. In ana yawan wanki sai ya koɗe gaba ɗaya babu tsari. Ni nawa na Okayama ne a Japan, can garin Kojima suka riƙe tsofaffin masaƙun nan har yau, a Amurka kuwa masaƙar White Oak da ta daɗe tana yi wa Levi's yadi an rufe ta a ƙarshen 2017.

Maman_Hadiza:
Wata shida? Ɗana wannan a ƙasar sanyi ne. Mutumin da ya wuni yana huɗa a watan Yuni, zufa da ƙasa da kashin bisashe, kuma da shi zai tsaya salla?

Malam_Liman_Tamaske:
Hajiya ta yi gaskiya. Zufa da ƙura ba najasa ba ne, amma tsabta abin so ce kuma mutum zai shiga sahu da jama'a, bai dace ya cutar da na kusa da shi da wari ba. Ni ba ni da matsala da jin in yana da faɗi yana suturta mutum, wanda Dan_Illela ke magana ma ya hi min waɗanda samari ke sawa yanzu, matsattsu masu gajeren ƙugu, in sun yi sujada baya ya buɗe. Na da ƙugunsu yana hawa sama har cibiya. A naɗe ƙafa kada ya ja ƙasa, a ɗora riga mai tsawo, shi ke nan. Amma wanda aka yayyaga da gangan a gwiwa, wannan kam ban ga dalilinsa ba.

TelaMaiKeke:
Bari in sa baki a kan wanki don ni ake kawo wa in ya mutu. Rashin wanki a ƙasarmu shi ke kashe wando, yashi yana shiga tsakanin zare, gishirin zufa ya bushe a ciki, mutum na tafiya suna cin zaren a hankali, sai ka ga tsakanin cinya ya ɓule tun wandon bai tsufa ba, musamman masu kabu-kabu da masu amalanke. A wanke, amma a juya ciki waje, sabulun sanda ya isa, ban da jabel ban da buroshi, a shanya a inuwa don ranar Tawa tana cinye shuni cikin kwana kaɗan. In ya fara yin sirara kar a jira ya huje a kawo. Ni yadda nake yi, ina yanko ƙyalle daga mataccen jin mai auduga zalla in sa daga ciki, in ɗaura allura lamba 18, in bi da zare mai kalar da wandon ya koma ba kalar da ya zo da ita ba, in yi ta kai da komo bin tsayin zaren yadin har wurin ya cike. In an yi da haƙuri sai ka matso kusa za ka gane. Keken ƙafa ma yana yi, sai dai wajen kauri inda ɗinki huɗu suka haɗu sai an bubbuga da guduma an juya da hannu, in ba haka ba allura ta karye. Mai roba kuwa ba na ma karɓa, in ya saki ya saki.

MaiAlbasa_Galmi:
Tela ka burge ni. Amma in ƙara kan abin da na ce ɗazu, ba kowane aiki ba ne jin ke yi. Mu nan lokacin dashe da ban ruwa cikin fangali muke wuni, in ya jiƙe nauyi yake kuma ba ya bushewa, yana goge cinya har ta yi ciwo, nan gara tsohon wandon yadi mara nauyi. Amma ranar cirar albasa da ɗura buhu da loda kamyo, to nan ne wurinsa, da wata rigar Carhartt ruwan ƙasa da na samu a Konni, kafaɗa ba ta jin buhu.

Dan_Illela:
Haka ne, ni ma watan Afrilu da Mayu ba ni iya sa shi da rana, zahi ya wuce 40 mutum sai ya dahu. Lokacinshi daga tsakiyar damina ne da ciyawa ta tashi har girbi har ƙarshen ɗari. Wanda bai shiga gona watan Oktoba ba bai san ƙarangiya ba, wandon yadi tana ratsa shi ta soki ƙwauri, ka dawo gida ka zauna kana cira ɗaya ɗaya yatsu na jini. Jin mai kauri tana maƙalewa a bakin ƙafa amma ba ta kai ga fata, da bayan wuƙa nike karce ta ta zube. Ga ƙaiƙayin gero lokacin ɗaurin damma, rigar bulu in ka ɓalla buto har wuya ka huta.

Bouzou_Abalak:
Mu makiyaya mun daɗe da sanin shuni kafin jin ya zo. Rawanin alasho da iyayenmu ke naɗawa daga Kura ta ƙasar Kano ake kawo shi, an rina an buga har yana ƙyalli, yana zuba a fuska kuma ba a ganin haka aibi, ado ne, ana aje shi cikin takarda sai ranar biki ko salla. To ka ga mu ma muna da tufa ta ajiya da tufa ta aiki. Ban ga laihi ba in Dan_Illela ya ware guda ɗaya cikin tarinsa ya ce wannan na ajiya ne. Amma bisa raƙumi ni ban son jin, ɗinkin ciki yana cin ƙafa, wandonmu mai faɗi ya hi.

Mushe_Tarihi:
Abin da ka faɗa kan hawan raƙumi su ma makiyayan Amurka sun koka da shi, shi ya sa kamfanin jin na Wrangler a 1947 suka fito da nasu na masu hawan doki, ƙusoshinsa shafaffu don kada su karce sirdi, aljihun baya kuma an ɗaga shi sama don kada mutum ya zauna kan abin da ke ciki. Batun shuni kuma, sinadarin da ke cikin ganyen baba na marinarmu shi ne dai ke jikin jin, sai dai tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da na masana'anta, kusan duk jin ɗin duniya da shi ake rinawa yanzu. Abin da ke damuna shi ne muna da rini muna da masaƙa, saƙi da turkuɗi duk namu ne, amma yaranmu sun san 501 ba su san sunan yadin kakansu ba.

Jin_Kalite_Ny:
Mushe wannan magana ce babba, ni da zan samu mai saƙa min saƙi mai kauri a rina a karofi, tela ya yanka min shi yankan rigar bulu da aljihunta, wallahi zan sa in shiga ko'ina a Yamai.

TelaMaiKeke:
Ana iya yi. Sai dai saƙin hannu ƙwarya ƙwarya yake zuwa sai an haɗa, kuma saƙarsa ba ta matsu kamar moleskin ba, wajen aljihu da buto sai an ninka an sa wani yadi a ciki in ba haka ba zai zare. Ka kawo yadin mu gwada.

Hajiya_Keita:
Ina karantawa tun ɗazu. Lokacin aikin Projet Keita da aka fara a 1984, mu mata mu ne muka ɗauki duwatsu muna jera su a kan tuddai don tare ruwa, maza da yawa sun tafi bida. Da zane muka yi, wasu suna sa tsohuwar rigar aiki ta mazansu a sama don dutse kada ya ci kafaɗa. To ni in na ga rigar nan abin da nake tunawa ke nan. Ɗana ka sa kayanka ka yi noma, amma abin da Maman_Hadiza ta ce ka riƙe shi, ranar wanki ka ɗebo ruwan da kanka.

DanAbijan_227:
Inna na ji kuma na girmama maganarki. Amma har yanzu ina kan bakana game da wancan guda ɗaya mai jan zare. Sauran ya sa. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina komai ya ƙara kuɗi, kuma bal ɗin yanzu rabinsa kayan roba ne marasa ƙwari, ko ba haka ba Bosho_Wadata? Irin wannan in ya mutu ba zai sake samun wani ba.

Bosho_Wadata:
Kuɗin hanya ya ƙaru kam, kuma auduga zalla tana ƙaranci, wannan kowa a kasuwa ya sani. Shawarata ga masu tonawa, ku ja yadin ta faɗi, in ya miƙe ya dawo akwai roba, ku duba etiketi ku ga 100% coton, ku ɗaga shi ga rana ku duba tsakanin cinya da gwiwa. Kuma ranar da ake kwance bal da sassafe ake zuwa.

Dan_Illela:
Na gode maku duka, kowa ya ba ni abin tunani. Maganar Bouzou_Abalak ta zauna min, wataƙila in huta da shi ga aikin ƙarhi in bar shi na zuwa kasuwa, amma kuma in na tuna girbi na tahe kuma shi ne wanda ya saba da jikina sai in ji ba ni iyawa. Tela, gwiwar hagu ta fara sirara kamar yadda ka ce, in na yi mashi irin gyaran nan naka darajar da DanAbijan ke magana za ta faɗi ne? Kuma kai kana Tawa ko Yamai?

TelaMaiKeke:
Tawa nake, zan turo maka kwatance ta saƙo. Ka zo da shi a wanke, kuma in kana da wani mataccen jin mai irin kaurinsa ka haɗo da shi.

Jin_Kalite_Ny:
Wajen masu saye wanda ba a taɓa ba ya fi tsada, amma gyara mai tsabta ya fi rami nesa, wasu ma gyaran suke so. Kawai kar a yanke ƙafar, kar a canza buto, kar a taɓa jan ƙyallen. Kuma hoton nan muna jira har yanzu, musamman bayan buton sama, akwai lamba da ake bugawa a wurin.